Wanda Ya Hau Rimi Ranar Lahadi

Rimin Gayya, ta Wagini
Litinin, bayan La'asar

Zuwa ga uwargidana Hansatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya gajiyar hanya, yaya hidimar mai jego? Ina gaida Naja'atu, Allah ya ba ta lafiyar shayarwa. Ina gaida surukinmu Malam Zainulabideen da mutanen gidansu na Safana gaba ɗaya. Sai kuma babban baƙo da ya sauka ranar Asabar. Na ji an ce kin yi sabon miji, kin manta da tsohon. Ki gaya masa a kunne ya kwana da shiri, ina nan tafe. Shi ba haƙori, ni saura kaɗan, sai mu gwada.

Hansatu, alhamdu lillahi. Shekara tara muna ɗaga hannu a kan yarinyar nan. Jiya da hantsi ina gyaran danga, Mani ya tsaya da kekensa a ƙofar gida, ko buhun da ya ɗauko bai sauke ba ya ce, "Albishirinka, Baba Rabe!" Na ce goro. Ya ce namiji ne, kuma uwa lafiya lau. Nan cikin ƙasa na yi sujada. Da ya wuce na shiga gida, sai na rasa wanda zan gaya wa. Ba kya nan, waya kuwa tun da aka yanke layi ta zama fitila. Na gaya wa akuya, na gaya wa jaki. Kin tuna yadda kuke yi mini dariya ina ɗaukar fensir da furfurata in tafi ajin yamma wurin Malam Tayyib? To ga ranarsa, yau shi ne bakina.

Yanzu ina roƙon alfarma. Daga nan zuwa ƙasa Naja'atu ce za ta karanta miki, ba mijinta ba, kuma ku biyu kaɗai a ɗaki.

Na karya alkawarin da na yi miki. Na hau rimi.

Kin san ni da itacen nan. Tun ba a kafa masa turaku ba muke hawansa ni da aminina Mati, da igiya da tafin ƙafa, ba don ganye ba, ba don zuma ba, don daɗin hawan kawai. Idan an gama kaka samarin Zakka su zo, na Ruma su zo, a yi ta gwada ƙashi, wanda ya kai cokalin ƙarshe, inda rassan sama suka rabu biyu, ya tuɓe riga ya kaɗa ta don na ƙasa su shaida. Shi ya sa har yau Mati ba ya kirana sai Tsula. Ranar da na faɗo daga ɗorawa na karya haƙarƙari na dafa kanki na ce na bari, kuma shekara goma sha ɗaya na riƙe. Jiya murna ta fi ƙarfin ƙirjina. Na ji idan ban hau wani abu mai tsawo ba zan fashe.

Bayan Azahar ne, mutane duk suna gonakin wake. Na zaga ta bayan tsohuwar maƙabarta na kama turke na farko. Na ce uku kawai zan taka in sauko. Ƙafa kuwa ba ta manta ba, gwiwa ce kaɗai ke ƙara kamar tsohon ƙyaure. Na kai ɗan gadon da aka ɗaure wa masu gadi a reshe na biyu, na tarar ba kowa, sai gorar ruwa a rataye. Jiya ranar gadin Hashimu mahauci ce. Na yi murna da ba ya nan, Allah ya yafe mini, na wuce sama inda turaku suka ƙare, inda yaran yanzu ba sa zuwa.

Ina ma kin taɓa zuwa can ko sau ɗaya, da kin yi mini uzuri. Iskar can daban ce, ba ƙura, ba warin hayaƙi. Itacen yana lilo da mutum a hankali kamar uwa na jijjiga goyo. Shirwa na shawagi a ƙasanka, kana kallon bayanta. Na ga kwanukan Wagini na walƙiya, na ga jar dawa har iyakar ido, can kudu kuma na hango duwatsu sun yi shuɗi, na ce a bayansu abokina jariri yake kwance. Na yi ta dariya ni kaɗai, hawaye na zuba.

Sai hannuna ya yi abin da ya saba tun ina ɗan shekara ashirin. Na tuɓe rigata, farar nan ta Juma'a da na sa don murna, na kaɗa ta wajen Safana.

Hansatu, ina wurin aka kafa ƙa'idar nan shekara biyu da suka wuce, da ɓarayin daji suka matsa mana. Ni da bakina na ce a sa farin ƙyalle, don na fi kowa sanin abin da ake hangowa daga nesa. Na ce duk wanda ya ga fari na kaɗawa a kan rimi kada ya tsaya ɗaukar komai, ya yi gabas zuwa kwari.

Kururuwar farko daga gonar Hamma ta tashi. Kafin ka ce me, gari ya watse kamar an taka gidan tururuwa. Mata da goyo, tsofaffi na jan ƙafa, awaki na tsinke igiya. Ni kuma, don wauta, na dafa reshe ina duban dajin Ruma, ina neman ƙurar baburan da suka gani ni ban gani ba. Na daɗe ina dubawa kafin idona ya sauka a kan abin da ke hannuna.

Da na sauko ba kowa a gari. Na bi gida uku na janye itace daga ƙarƙashin tukwane. Daga nan, maimakon in tsaya in kira mutane, sai na sa rigata na ruga kwari ni ma. Na isa ina haki kamar kowa. Mati ya kama hannuna ya jawo ni cikin duhuwa, ya ce, "Tsula, ka tsufa, kai ne na ƙarshe." Ban ce komai ba.

Kande matar Mati ta faɗi a gangare, ta karye a tsintsiyar hannu. Awakin Hamma biyu ba a gan su ba har yanzu. Da yamma ta yi ba a ga ɓarawo ko ɗaya ba, aka dawo aka nemi mai gadi. Hashimu ya rantse cikinsa ne ya murɗa, ya sauka ya shiga rafi, daga can ya ji ihu ya gudu shi ma. Aka ce to wa ya kaɗa? Ya ce bai sani ba. Tun jiya yana zauren Mai Unguwa, an hana shi fita.

Ina tsaye a wurin. Wanda ya yi rantsuwar gaskiya aka tsare, ni aka matsa mini tabarma in zauna.

Mani zai kawo miki wannan gobe. Ki gaya mini abin da kika gani. A shafa mini kan yaron.

Naki mai kunya,
Rabe


Rimin Gayya
Laraba, da yamma

Zuwa ga Hansatu,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Yaya jikin Naja'atu, ruwan wanka bai yi mata zafi da yawa ba ko? Yaya abokina, cibiya ta faɗi? Mani ya ce yana da dogayen yatsu. Ban san ko in yi murna da wannan ba.

Takardarku ta iso. Na ga hannun Naja'atu, amma maganar taki ce, na ji muryarki a ciki. Layi ɗaya kika ba ni: kada in zo suna da bakina a rufe. Ko gaisuwa ba ki sa ba. Ban ga laifinki ba.

A ƙasa kuma ta rubuta cewa mijinta ya yanke, ranar Asabar sunana za a raɗa wa yaron. Na karanta wurin ya fi sau goma. Na fita bayan gida na zauna kan turmi, na rasa ko kuka zan yi ko godiya. Mutumin da ya yi karatu har ya zama malamin makaranta ya dubi duk danginsa, ya tsallake, ya zaɓi sunan manomi. Ya zaɓa ne don abin da ya sani game da ni kafin Lahadi.

Bari in gaya miki yadda gari yake. Magana ta rabu biyu. Tsofaffin mata sun ce mutanen ɓoye ne, ai rimi gidansu ne, an kafa musu turaku a jiki ba a nemi izini ba. Wallahi da na ji haka sai da zuciyata ta yi sanyi, na ce da ma a bar wa aljanu, su ba a tsare su a zaure. Amma samari ba su karɓa ba. Hamma, wanda ke jagorantar masu gadi, ya ce gwaji ne. Ya ce an kaɗa ne don na cikin daji su ga inda muke gudu da yadda gari ke zama fayau, kuma mai yin haka infoma ne. Daga nan aka fara tono. Aka tuna uwar Hashimu daga rugar Ruma aka auro ta. Aka tuna bara ya sayi maraƙi da araha. Mutanen da ya yi wa fiɗa ranar Layya shekara da shekaru, yau kowa ya tuna wani abu. An karɓe masa wuƙaƙe. An ce ranar Juma'a bayan masallaci za a yanke, ko a kore shi, ko a miƙa shi ga 'yan sa-kai. Kin san wanda aka miƙa da wannan suna ba kullum yake dawowa ba.

Abin da ya fi duka shi ne na jiya. Saude matarsa ta yi sallama a ƙofarmu, ta durƙusa tun daga zaure. Ta ce, "Baba, kai ne mai alƙalami a unguwar nan, kuma kai ba a taɓa jin ka da ƙarya ba. Ka rubuta mana takardar roƙo zuwa ga manya." Ta kawo mini ƙwai huɗu a kwano.

Na rubuta, Hansatu. Na zauna na gyara fensir, na yi mata kyakkyawan rubutu. Na ce Hashimu mutumin kirki ne, na san shi tun yana rarrafe. Na ce a yi bincike, kada a yi gaggawa. Har na rubuta da hannun nan cewa Allah kaɗai ya san wanda ya hau. Ta karɓa tana sa mini albarka. Ƙwan suna nan a kan bango, na kasa taɓa su, na kasa mayarwa.

Ina ta gaya wa kaina in bari a yi suna tukuna, yaro ya samu sunansa da tsabta, sannan in faɗa. Amma Juma'a tana gaban Asabar, wannan ko ban je aji ba na sani. Ina kuma tunanin Mati. Kullum sai na je duba Kande, ya ba ni wuri, ya dube ni, ya yi ta maganar tsadar taki.

Ban ce miki zan faɗa ba, ban ce ba zan faɗa ba. Ki yi mini addu'a, ko da kina fushi. Kada ki bari surukinmu ya ji tukuna.

Mijinki,
Rabe


Rimin Gayya
Alhamis, bayan Magariba

Zuwa ga uwargidana Hansatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun yini lafiya, ke da mai jego da angon ƙarni da baƙonmu. Ni ma da sauƙi, sai gwiwa da ta kumbura, na ɗaure ta da tsumma. Wannan takardar kowa ma ya karanta, har surukinmu. Ba sauran abin ɓoyewa.

Yau da safe Mai Unguwa ya aiko a kira ni. Ya tara dattawa da masu gadi a ƙofar gidansa, don Saude ta kai masa takardar. Ya ce tunda ni na rubuta, ni zan karanta kowa ya ji kafin gobe. Aka fito da Hashimu aka zaunar da shi a rana. Kwana huɗu kawai, amma wuyansa ya yi tsawo. Da ya gan ni ya ce, "Baba, na gode." A gaban mutane ya faɗa.

Na miƙe na fara karatu. Kin san ni a hankali nake karatu, ina bin layi da yatsa. Na wuce inda na ce mutumin kirki ne. Na wuce inda na ce kada a yi gaggawa. Da yatsana ya zo kan sunan Allah, inda na ce shi kaɗai ya san wanda ya hau, sai harshena ya ƙi. Rubuta shi a ɗaki ni kaɗai na iya. In ɗaga murya in jingina ƙaryata da sunansa a gaban jama'a, wannan ya gagare ni. Na naɗe takardar na ce, "Wannan layin ƙarya ne. Ni ma na sani. Ni na hau."

Na zaci za a yi mini ihu. Dariya aka yi. Hamma ya ce, "Haba Baba, tausayi ma da iyaka. Kai da sai ka dafa bango kake tashi daga sahu?" Wani ya ce ko Saude ta yi mini kuka ne. Liman ya ce in ji tsoron Allah, ɗaukar laifin wani ma ƙarya ce. Ka ga mutum ya kwana huɗu yana tsoron faɗar gaskiya, ya faɗa, an ƙi saye.

Mati ne ya yi magana, bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Ku tambaye shi ina hularsa. Shekara hamsin ban taɓa ganin kan Tsula a waje ba sai ran Lahadi a kwari." Ashe ya sani tun ranar. Yana ba ni tabarma, matarsa na nishi a ɗaki, yana jira ya ga ko abokinsa zai buɗe baki. Na ce hular tana cokalin ƙarshe, ta maƙale sa'ad da nake tuɓe riga. Hamma ya ce a hau a duba. Aka dubi samari, samari suka dubi ƙasa, don ba wanda ya taɓa wuce turaku. Sai Hamma ya ce to mai hula ya ɗauko abarsa.

Sai da aka bi gari ana shela cewa za a ga mutum a kan rimi, kada kowa ya gudu. Wannan shelar ta tara har waɗanda ba su da niyyar zuwa. Mata a bakin danga, yara a kan katangar maƙabarta. Da can idan na kama itacen nan kirari ake yi mini, 'yan mata na guɗa. Yau ba ka jin komai sai tarin tsofaffi. Na tuɓe takalmi na hau. Iskar tana nan yadda take, duwatsun Safana suna nan, ban ɗaga ido na dube su ba. Na ciro hular na sako ta ƙasa. Na ji faɗuwarta, don shirun ya kai haka.

A saukowa ne gwiwa ta ƙi. Tsakanin cokali da gadon masu gadi akwai wuri santsi, tsawon mutum biyu, ba turke ba reshe. Ran Lahadi tsoro ne ya sauko da ni, yau ba abin da ya rage a jikina. Na rungume itace na tsaya. Na ji mata sun fara salati. Na ce a raina to, nan ne, kuma ban ce an zalunce ni ba.

Sai na ji numfashin mutum a ƙasana. Hashimu ne, da igiyar da yake ɗaure shanu da ita a kafaɗarsa. Ba wanda ya aike shi. Ya tsaya a kan gadon ya jefo mini bakin igiya, ya ce in zarga ta a reshe in ɗaura a ƙugu. Ya sassauto ni kamar buhun gero har na dira kusa da shi.

Muka zauna a gadon nan mu biyu muna haki, mutane can ƙasa ba sa jin mu. Na ce masa ya yafe mini. Ya daɗe yana naɗe igiyarsa. Sannan ya ce, "Baba, hawan ba komai, murna ce, kowa na yi. Na yafe hawan. Amma ran Litinin ka wuce ta zaure ka ce mini sannu. Ran Talata ma ka ce mini sannu." Ya ƙara da cewa, "Kwanakin nan huɗu, ka ba ni lokaci." Na ce ya ɗauki duk lokacin da yake so.

Mai Unguwa ya mayar masa da wuƙaƙensa a gaban kowa. Ni kuma ya ce ba zai ci tarar sa'an babansa ba, amma in bi gari gida gida in nemi gafara da bakina. Na fara da gidan Mati. Kande na zaune da hannu a ɗaure cikin karare, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Tsohon biri, an ba ka jika sai ka hau sama? Da 'yan biyu aka haifa da a wata za mu same ka." Ta ce ta yafe, amma ni zan yi mata surfe har ƙashi ya haɗe. Na ce na ji. Mati ya raka ni ƙofa, sai ya cire hular daga hannuna ya kifa mini a ka. Na yi gida goma sha tara kafin Magariba. Awakin Hamma ma sun dawo da kansu, ashe suna cikin waken Liman.

Malam Zainulabideen, idan kai ke karantawa, ka ji da kunnenka irin surukin da kake da shi. Kada kunyata ta sa ka riƙe maganar suna. Ɗanka ne, ka zaɓa masa da idonka a buɗe, ko me ka raɗa masa zan kira shi da shi da farin ciki.

Hansatu, na buɗe bakin. Ban sani ba ko ya isa.

Naki,
Rabe


Rimin Gayya
Juma'a, bayan sallah

Zuwa ga Hansatu,

Sallama da gaisuwa. Yaya shirin gobe? Na san yanzu gidan ya cika da masu daka da masu surutu, kina tsakiya kina ba da umarni. Allah ya sa a yi lafiya, ya raya mana shi, ya sa mahaddacin Alƙur'ani ne. Ga wake kwano uku da kaza biyu Mani zai kawo, a ƙara a tukunya. Ko cikin wannan hali, idan na tuna akwai shi a duniya sai in ji bakina ya washe.

Ba zan samu sunan ba. Ki karanta dalili kafin ki yi fushi.

Hashimu zai tashi. Gobe da safe zai kwashe iyalinsa ya koma Batsari wurin ƙanin babansa, mai rumfa a kasuwa. Yau bayan masallaci dattawa suka taru a kansa, Liman ya yi nasiha, Hamma da kansa ya ba shi hannu ya ce kuskure ne. Ya saurare su duka da ladabi. Ya ce ba fushi yake ba. Ya ce kafin Lahadi bai san abin da maƙwabtansa ke ajiye da shi a ciki game da uwarsa ba, yanzu ya sani, kuma ba zai iya yanka wa mutum nama yana tuna abin da ya ce ba. Ya ce gobe idan aka sake rasa akuya, wa za a fara dubawa? 

Da na faɗa tun a kwari, da dariya za a yi mini kwana biyu a wuce, ba wanda zai buɗe baki ya tono uwar wani. Shirun da na yi ne ya ba su fili. Na wanke shi daga zargi, amma ban iya mayar da maganganun cikin bakunan da suka fito ba. Gari ya rasa mahaucinsa, yaransa uku za su tashi a gidan haya, a shekarar da mudun gero ke gagarar mai albashi.

Mota ba ta shigowa nan saboda mai, kuma ba su da abin ɗaukar kaya. Na je na ce ga jakina, ga ni. Saude ta juya mini baya, tun jiya ba ta dube ni ba. Hashimu ya ce jakin dai suna so. Na ce jakin ba ya bin kowa sai ni, kuma kin san wannan gaskiya ce. Ya ce to.

Saboda haka gobe, sa'ad da ake raɗa wa jikana suna, ina kan hanyar Batsari da tukwanen Saude da gadon yaranta. Da wannan gwiwar sai a hankali. Idan ba su yi mini magana a hanya ba, ba komai, kayan dai su isa. Zan kwana a can, jibi in nemi motar Safana.

Ki ba Naja'atu haƙuri, ki ce babanta ya ji kunya. Idan mutane sun tambaya ina kakan yaro, kada ki ce ba ni da lafiya. Ki gaya musu inda nake da abin da ya kai ni.

Abu ɗaya nake roƙo. Idan na iso jibi zan tsaya a zaure in yi sallama. Kada a aiko kowa, kada a miƙo mini yaron tukuna. Ki fito ke kaɗai. Alkawarinki na fara karyawa kafin na kowa, kuma duk gidajen da na bi ina neman gafara, saura naki. Idan kin ce in shiga, sai in shiga in ga abokina. Idan kin ce in jira, akwai dakali a ƙofar, na iya zama.

Mijinki,
Rabe